Hazon da ke Huhun Goggo

Kalmar jira tana da fuska biyu a bakin Bahaushe. Akwai jiran da mutum zai naɗe hannu ya zauna har abin da zai zo ya zo, wanda idan ya yi muni ake ce masa jiran gawon shanu. Akwai kuma jiran da shi kansa aiki ne, kamar jiran kanti, ko jiran mara lafiya a asibiti, ko jiran gona lokacin da gero ya fara nuna tsuntsaye suka yi masa caa. Yaron da aka ɗora kan rumfa a tsakiyar gona da gwangwani a hannu, jira aka ce yana yi, amma in ya runtsa ido na sa'a guda wahalar damina ta tafi a banza. Wannan bambanci bai taɓa yi mini nauyi ba kamar ranar da ya zama ni ne zan fassara wa goggona maganar likita.

Goggo yayar mahaifina ce. Shekara arba'in ta yi tana dama koko tana suyar ƙosai a Aboabo, nan Kumasi, kuma ba ta taɓa kai taba bakinta ba. Da daminar 2022, tana da shekara 69, santsi ya kwashe ta a bakin kwata, haƙarƙarinta ya bugu. Hoton ƙirji na yau da kullum bai nuna komai ba, ciwo kuma ya ƙi lafawa, sai aka ce a yi hoton siti, wato na'urar nan mai kama da rami da ke ɗaukar jiki yanki-yanki. Nan aka ga haƙarƙari ɗaya ya tsage, aka kuma ga wani abin da ba shi aka je nema ba: wani ɗan tabo a saman huhunta na dama, faɗinsa milimita 14, bai wuce ƙwayar gujiya ba.

Kamar yadda aka saba a ƙasashenmu, tarin fuka aka fara zargi. Aka gwada kakinta, babu shi. Likita ya ce a dawo bayan wata shida, domin irin wannan tabo sau da yawa burbushin wani ciwon ƙirji ne da ya wuce, yakan ɓace da kansa. Muka dawo a Janairun 2023. Yana nan, bai ƙaru ba, bai ragu ba. A ranar ne likita ya juya mana allon kwamfutarsa ya ce tabon da ya ƙi tafiya haka, mafi rinjayen zato shi ne farkon sankarar huhu ce mai tafiyar hawainiya, ko kuma matakin da ke gabanta.

Abin da muka gani a allon bai yi kama da ƙari ba. Wani dishi-dishi ne, ana hango jijiyoyin jini ta cikinsa, kamar yadda ake hango itatuwa ta cikin hazon hunturu. Likitoci suna kiransa da sunan gilashin nan mai duhu-duhu da ake sa wa tagar banɗaki. Mu a gida hazo muka sa masa, sunan kuma ya bi shi. Dalilin kamanninsa shi ne yadda ƙwayoyin cutar suke zama. Huhu cike yake da ƙananan jakunkunan iska, su kuma ƙwayoyin suna bin bangon jakunkunan ne suna shimfiɗuwa, kamar gansakuka a jikin rijiya, ba su huda bangon ba, ba su cike ramin ba, iska na shiga tana fita. Ranar da suka fara kutsawa cikin naman huhun, sai a ga wani farin ɗigo mai ƙarfi ya bayyana a tsakiyar hazon. Wannan ɗigo, da muke kira tsakuwa, shi ne abin tsoro.

Likita ya ce hanya biyu ce a gabanmu. Ko a yi tiyata a cire wurin, ko a bar shi ana ɗaukar hotonsa lokaci-lokaci, sai ya motsa a taɓa shi. Na tambayi ko ba za a ɗebo ɗan naman da allura a gwada ba, a san gaskiyar abin. Ya ce ana yi, amma allura a ƙaramin hazo takan kuskure ta dawo da amsar lafiya alhali ba lafiya ba, kuma takan huda huhu iska ta zubo cikin ƙirji har a sa tiyo. Da Turanci yake magana yana haɗawa da Tuwi, Goggo tana kallon bakina. Da na ce mata «ya ce a bar shi», da na yi wa maganar rauni, don a zango idan aka ce a bar ciwo, kowa ya san an sallama ke nan. Sai na ce, «Goggo, ya ce ko a yanke, ko a yi jiransa irin jiran gona.» Ta gyaɗa kai, ta ce, «To, wa zai hau rumfar?»

Kafin in ci gaba, dole in yi wani shinge, saboda na san yadda magana take yawo a WhatsApp ta rasa kai da ƙafa. Sankarar huhu ita ce ta fi kowace sankara kisa a duniya. A shekarar 2022 kaɗai ta kashe mutane wajen miliyan 1.8. Mafi yawanta ba a jira da ita. Akwai ma nau'in da a cikin 'yan makonni yake mamaye ƙirji. Wanda yake tarin jini, ko yake ramewa babu dalili, ko aka ga dunƙulallen ƙari mai tauri a huhunsa, wannan rubutu ba da shi yake ba, gaggawa ce tasa. Maganata a kan ƙaramin hazo ce tsantsa, wanda babu tsakuwa a cikinsa, wanda kuma aka gano ba tare da ya sa mai shi ko tari ba.

A kan irin wannan kuwa, akwai abin da masana suka tara. Wani bincike na Japan da aka buga a shekarar 2000 ya auna tsawon lokacin da sankarar huhu take ɗauka kafin girmanta ya ninka. Mai tauri ta ɗauki kwana 149 a matsakaici, mai hazo da tsakuwa kwana 457, hazo tsantsa kuwa kwana 813, wato fiye da shekara biyu. A 2017 ƙungiyar Fleischner, ta likitocin da suka ƙware a hoton ƙirji, ta ba da shawarar cewa hazo tsantsa da ya kai milimita 6 a sake ɗaukarsa bayan wata 6 zuwa 12, in yana nan a riƙa dubawa duk shekara biyu har a cika shekara biyar. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da matakin farko na wannan cuta, wanda bai kutsa cikin nama ba, jerin abubuwan da ke gabatar sankara. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Taiwan. Can aka yawaita yi wa mata hoton siti, akasarinsu ba masu shan taba ba. Daga 2004 zuwa 2018 adadin sankarar matakin farko da ake ganowa a cikinsu ya ninka fiye da sau shida, amma adadin waɗanda ake samu cutar ta riga ta yi nisa bai sauka ba. Da a ce duk abin da aka gano da wuri zai girma ya yi kisa, da na biyun ya ragu. Ma'anarsa ke nan an yanke mata da yawa a kan abin da za su iya mutuwa da shi a ƙirji ba tare da ya taɓa damunsu ba.

Tiyatar ita ma ba wasa ba ce. Huhun dama sashe uku ne, na hagu biyu, kuma shekaru da dama al'adar likitoci ita ce a cire sashe guda sukutum. Wani babban gwaji na Japan da aka bayyana a 2022 ya nuna cewa a ƙaramar sankara da ba ta wuce santimita 2 ba, cire ɗan yanki daga cikin sashen bai gaza cire shi duka ba. Idan aka cire hazo tun bai kutsa ba, kusan kowa yana rabuwa da shi har abada. Sai dai ƙirji ne za a shiga, da allurar barci, da tiyo a haƙarƙari na kwanaki, da ciwon da kan daɗe a wurin yankan. Goggo kuma tana da ciwon sukari da hawan jini. Ga mu nan Kumasi, maganar irin wannan aiki takan kai mutum Ankara, cibiyar tiyatar zuciya da ƙirji ta Korle Bu, tafiyar kilomita wajen 250, da masauki, da mai jinya da za ta bar nata gidan.

Da labari ya isa gida, abin da manya suka fara cewa shi ne kada a gaya mata sunan ciwon. Sun makara, don a gabanta aka faɗa, amma ko da ba su makara ba da na ƙi. Mun saba ɓoye wa mara lafiya ciwonsa da sunan tausayi, muna cewa «ciwon nan» muna kauda kai. Wataƙila hakan yana da wurinsa ga wanda kwanansa ya ƙare. A nan kuwa ba zai yiwu ba ko kusa. Ta yaya za ka ɗauki mace mai lafiya, mai tashi da asuba ta hura wuta, ka kai ta cikin na'ura shekara bayan shekara, a kashe kuɗi masu yawa, ba ta san dalili ba? A karo na biyu za ta ce lafiyarta ƙalau, ta ƙi zuwa, kuma tana da gaskiya.

Sai gida ya rabu biyu. Babban ɗanta, wanda yake Jamus, ya ce a yanke yanzu-yanzu, ga kuɗi zai turo. 'Yarta ta biyu, wadda ita ce jinya za ta faɗa wa, ta ce ba za a yanka mata uwa tana tafiya da ƙafarta ba. Ta kawo misalin wata maƙwabciya da aka shiga da ita ɗakin tiyata tana dariya, ba ta ƙara tashi ba.

Da farko na ɗauka tsoro ne kawai yake magana a bakin Yaya na Jamus, irin na wanda yake nesa yana son ya yi wani abu da hannunsa. Da muka yi doguwar waya sai na ji hujjarsa ta fi ta kowa nauyi, kuma har yau ban ga wanda ya rushe ta ba. Ya ce shawarar jira an rubuta ta ne a ƙasashen da asibiti yake aiko maka da takarda idan ranarka ta zo, hotunanka na shekara goma suna ajiye a kwamfuta, inshora kuma tana biya. «Kai ka gaya mini,» in ji shi, «wa zai kira Inna a waya idan ta manta? Idan na rasa aiki baɗi fa? Yau shekararta 69, zuciyarta za ta ɗauki allurar barci. Idan abin ya motsa tana da 75 fa?» Ya ƙara da maganar kuɗi. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari. Abin da ya isa tiyata yau, in aka ajiye shi a sidi, baɗi rabin aikin zai biya. Duk wanda ya zauna a zango ya san mutum nawa aka ce wa «ka dawo bayan wata shida», ba a sake ganinsu ba sai da aka kawo su ranga-ranga. Ba taurin kai ne yake hana su ba. Kuɗin makaranta ne yake tasowa, ko biki, ko rasuwa a Bawku, ciwon da ba ya ciwo kuma shi ake fara ɗagewa.

Abin da na fahimta daga wannan gardama shi ne, tambayar ba ta tsaya ga wace hanya ce ta fi a littafin likita ba. A littafi, ga hazo irin na Goggo, jira hanya ce ingantacciya. Amma ingancinta ya rataya ne a kan sharaɗin cewa za a ga motsin abin da wuri, kuma wannan sharaɗi ba a cikin huhu yake ba, a cikin gida yake. Gidan da ba shi da mai riƙe rana, ba shi da kuɗin hoto na shekara biyar, wanda ya san halinsa na mantuwa ne, ina ganin tiyata ta fi masa aminci ko da littafi ya ce a jira.

Muka koma wurin likita da Goggo, ta yi masa tambaya biyu da bakinta. Ta ce, «Ɗana, abin nan yana cin jikina yanzu?» Ya ce a'a, Hajiya. Ta ce, «In na bar shi zuwa baɗi, ƙofar yankan za ta rufe?» Ya ce matuƙar ana dubawa a kan lokaci, da wuya ƙwarai ta rufe, amma ba zai ce mata babu haɗari ko kaɗan ba. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ta zaɓi jira. Dalilinta ba na lissafi ba ne. Autarta za a aurar a ƙarshen shekarar, kuma tana da 'yan mata uku da suke ci daga tukunyar kokon nan. Ta ce ba ta ƙi wuƙa ba, amma ba za ta kwanta mata ba sai da dalilin da ido ya gani.

Yaya bai ji daɗi ba, amma ya kafa sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan nan su ne suka mayar da abin jiran gona. Kuɗin tiyata zai zauna a wurinsa a Yuro, ba za a taɓa shi don biki ko gini ba. Za a yi hoto duk shekara, ba duk shekara biyu ba, likita kuma ya amince saboda girman hazon. Aka kuma ja layi tun kafin a san abin da zai faru, aka rubuta a takarda: in faɗinsa ya ƙaru da milimita 2, ko tsakuwa ta fito a ciki, za a tafi Ankara ba tare da an sake taron dangi ba. Wannan na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci a ganina. Mutumin da ya saba da jin «bai motsa ba» yakan fara ciniki da likita ranar da aka ce ya motsa kaɗan. Rumfar kuwa ni aka ɗora a kai.

Aikin ya fi yadda ake zato. Ƙari idan girmansa ya ninka, faɗinsa da kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake ƙaruwa. Milimita 14 za ta koma 17 da ɗoriya. Saboda haka bambancin da ake nema bai wuce kaurin tsinken ashana ba, kuma na'ura biyu daban, ko masu awo biyu daban, suna iya saɓawa da kusan haka. Dole hoton ya zama mai siraran yanka, dole a aza sabo kusa da tsohon, ba rahoton takarda kawai ba. Hoton ƙirji na yau da kullum, mai arha, ba ya ma ganin hazon, don haka babu batun a yi maneji da shi. Na sayi jaka ta musamman ina tara faya-fayan hotunan a ciki, na kwafe su a kwamfuta, na tura wa Yaya kwafi. A shekara ta biyu muka je wurin da muka saba aka ce na'ura ta lalace, ba a san ranar gyara ba. Muka koma wani wurin, mai karanta hoton ya rubuta rahoto ba tare da ya buɗe tsohon faifan ba, sai da na koma sau biyu kafin a gwama su. Kuɗin hoto ɗaya ya fi ribar kokon Goggo ta makonni.

Akwai kuma nauyin da ba a aunawa. Sati biyu kafin kowane hoto Goggo takan rage magana. Kowane tarin hunturu sai 'yarta ta kira ni da dare. Masu zuwa gaisuwa kowa da maganinsa, wannan sassaƙe, wancan wani mai magani a Tamale, wata kuma ta ce ai da ma an yanke an huta. Goggo ta iya sallamar su da «Allah Ya saka da alheri» ba tare da ta karɓi ko ɗaya ba. Abu guda ta canja da kanta: da likita ya ce hayaƙin itace na shekara da shekaru ba abokin huhu ba ne, ta koma suya da gas, tana mitar tsadarsa kullum.

Hoton Janairun 2024 ya fito kamar na baya. Aka yi bikin auta, Goggo ta yi rawa har sai da aka zaunar da ita. Na farkon 2025 shi ne ya zo da sauyi. Faɗin hazon milimita 15 ne, wanda shi kaɗai da ba a ce komai ba, amma a tsakiyarsa ga farin ɗigo na milimita 4 wanda babu shi a faya-faya uku na baya. Likita ya jera hotunan a allo, ya nuna mata da bakin alƙalami. Ban gama fassara ba ta ce, «Tsakuwar ce ko?» Na ce ita ce, Goggo. Ta ce, «To, alkawari ya cika. Kira yayanka.»

Yaya yana nan a kan bakansa cewa da an yanke tun 2023 da yanzu an manta, kuma ta fi ƙarfin jiki a lokacin. 'Yar'uwarsa tana nan a kan nata, cewa shekara biyu da uwarsu ta yi da huhunta cikakke, tana sana'arta, ta aurar da 'yarta, ba abin rainawa ba ne, kuma akwai masu irin hazon nan da har abada tsakuwa ba ta fito musu. Likitan ya ce abin har yanzu ƙarami ne, a matakin farko yake, ɗan yanki ake sa ran cirewa ba sashe duka ba. An yi mata gwajin numfashi, ta hura iska cikin bututu har ta yi dariyar kanta, an duba zuciya, an ƙara mata maganin sukari don ya daidaita kafin aiki.

An sa mana ranar ganin likitan tiyata a Ankara. Wata 'yar ɗakinta da ke Nima ta ce ɗaki yana nan a share. Goggo kuma ta fara tayar da babbar jikarta da asuba, tana nuna mata yawan citta da kanumfarin da ake zubawa a gasara, da yadda ake gane mai ya yi zafin da za a saka ƙosai.